Wa ke mutuwa idan aka kai wa babban mutum hari?

Ranar Laraba 23 ga Yuli, 2014, ana cikin goman ƙarshe na azumi, Janar Muhammadu Buhari ya baro Kaduna ya nufo Daura. A bayanin da ya fitar daga baya, ya ce wata mota ta yi ta ƙoƙarin wuce motar masu tsaronsa suna tare mata hanya, har aka iso kasuwar Kawo inda dole kowa ya rage gudu. A nan mai motar ya samu sarari ya matso, bam ya tashi. Buhari ya fito da ƙafarsa, domin motar da yake ciki mai sulke ce. Waɗanda suka kwanta dama 'yan kasuwa ne da masu wucewa, mutanen da galibinsu ba su ma san wanda ke cikin motar ba. 'Yan sa'o'i kafin nan an tayar da wani bam ɗin a cikin garin, kusa da ayarin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi bayan rufe tafsiri a Dandalin Murtala. Shi ma Shehin ya tsira. Mutane gommai suka rasu a hare-haren biyu.

Mutanen Daura sun riƙe wannan rana a matsayin ranar da Allah ya kuɓutar da ɗansu, kuma haka ne. Amma wanda ya san aikin tsaron manya yana karanta labarin ta wata fuskar: kariyar da ake ba shugaba ba ta cika kashe haɗari ba, matsar da shi take yi zuwa kan direba, dogari, ɗan sandan da ke bayan buɗaɗɗiyar mota, da mai tallan da ke bakin titi. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Benjamin Jones da Benjamin Olken, sun tattara yunƙurin kashe shugabannin ƙasashe 298 daga 1875 zuwa 2004, suka tarar 59 ne kawai suka kai ga mutuwar shugaban. Wato cikin biyar, huɗu ba sa samun wanda aka nufa. Sun kuma gano cewa bindiga ta fi bam samun shugaba, shi kuwa bam ya fi cin mutanen gefe. Abin da ya faru a Kawo ke nan.

Wuri sananne, lokaci sananne

Ba a cika kai wa babban mutum hari yana cikin ofis ko yana tsala gudu a hanyar da ba wanda ya san zai bi ba. Ana samunsa ne inda abu biyu suka haɗu: an san zai zo, kuma dole ya tsaya ko ya rage tafiya. Janar Murtala Ramat Muhammad ya ƙi jiniya da jerin gwanon motoci, yana fita daga gida a kusan lokaci guda, ta hanya guda, zuwa Barikin Dodan, fadar gwamnati ta lokacin a Legas. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, cunkoson safe ya tsayar da baƙar Marsandinsa a Ikoyi, sojojin Laftanar Kanar Dimka masu yunƙurin juyin mulki suka buɗe mata wuta. Motar ba ta da sulke. Tare da shi aka kashe dogarinsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa, da direbansa. Motar na nan a gidan tarihi na Onikan a Legas da hudojin harsashi a jikinta. Wannan kisan ne ya sa aka kafa hukumar leƙen asiri ta NSO a shekarar, wadda Babangida ya raba uku a 1986, aka samu hukumar tsaro ta farin kaya da muke kira DSS a yau. Kisan ne kuma ya ɗaga Shehu Musa 'Yar'adua, ɗan Katsina, zuwa mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo.

Sarkin Kano Ado Bayero kuwa, ranar 19 ga Janairu, 2013, ya fito ne daga saukar karatu a Masallacin Murtala, taron da aka sanar tun da wuri. 'Yan bindiga suka tare ayarin. Direbansa da wasu dogaransa suka rasu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, shi ya tsira. Dogaran ba su da rigar sulke, babu abin da suka sa tsakanin Sarki da harsashi sai jikinsu da jar rigarsu.

Masallaci shi ne misali mafi tsufa a wurinmu, domin babu abin da ya kai salla sanannen lokaci. A sallar asuba Abu Lu'lu'a ya soki Sayyidina Umar. A hanyar sallar asuba a Kufa Ibn Muljam ya sari Sayyidina Ali, cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira. Makircin na kashe mutum uku ne a rana guda, Ali da Mu'awiya da Amru bin Asi: Mu'awiya ya ji rauni ya warke, Amru bin Asi kuwa rashin lafiya ya hana shi fita, sai Kharija bin Huzafa ya yi limanci a madadinsa, aka kashe shi. Daga nan aka samu maganar nan ta Larabawa, "na nufi Amru, Allah ya nufi Kharija." Bayan haka ne Mu'awiya ya riƙa salla cikin wani keɓaɓɓen wuri a masallaci da ake kira maƙsura. A zamaninmu, a sallar asuba aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu, 2007, kuma bayan sallar Juma'a ɗan ƙunar baƙin wake ya nufi Shehun Borno a Maiduguri a Yulin 2012, Shehu ya tsira, mutanen da ke kusa suka rasu.

A nan ne littafin aikin tsaro yake karo da al'adarmu. Littafi ya ce a sauya lokaci, a sauya hanya, kada a sanar da fita. To amma basarake a Katsina ko Daura ba zai sauya lokacin magariba ba, ba zai ƙi zama a ƙofar gida a gaishe shi ba, ɗan siyasa kuma ba zai ƙi jana'iza da ta'aziyya da ɗaurin aure ba, in ya ƙi ya rasa jama'a. Ranar hawan Salla kowa ya san ƙofar da Sarki zai fito da hanyar da zai bi. Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, yana zaune a ƙofar gidansa bayan magariba ranar 1 ga Mayu, 2019, 'yan bindiga suka zo da mota suka ɗauke shi, a garin shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, kuma shi surukin dogarin shugaban ne. Sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Tunda ba a iya ɓoye irin waɗannan mutane, abin da ya rage shi ne a mallaki wurin kafin su iso: a san wanda ke sahun farko, a sa ido a kan motar da ta daɗe a fake, a tsayar da motar mai gida tana fuskantar mafita, direba na ciki, inji na kunne. Kakanninmu sun san wannan. 'Yan lifidi da zagage da dogarai da ke kewaye Sarki a hawa, asalinsu ba ado ba ne, katanga ce ta mutane da dawakai.

Waɗanda ke fara shiga

Tsaron babban mutum hawa-hawa ne. Na jikinsa su ne dogari da 'yan farin kaya biyu zuwa huɗu. Na tsakiya su ne masu tsaron ƙofa, masu binciken jama'a da masu kula da motoci. Na waje su ne 'yan sanda da sojoji da ke riƙe hanyoyi, rufin gine-gine da bayan fili. Yawancin kuskure a mahaɗar waɗannan yake aukuwa, inda kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne ke kula da wani wuri. Haka aka yi a Butler ta jihar Pennsylvania a Amurka ranar 13 ga Yuli, 2024: rufin da aka harbi Donald Trump daga kansa bai kai mita 150 daga dandamali ba, yana wajen shingen jami'an tsaron shugabanni, an bar wa 'yan sandan yanki, kuma ɓangarorin biyu ba sa kan layin rediyo ɗaya. Harsashi ya shafi kunnen Trump, mutum ɗaya cikin 'yan kallo ya mutu, biyu suka ji mummunan rauni, shugabar hukumar tsaron shugabannin Amurka ta ajiye aiki bayan kwana goma.

Kafin duk wannan akwai tawagar share fage, wadda ke zuwa kwanaki kafin mai gida. Aikinta ba ya fitowa a talabijin. Su ne ke bin hanya a daidai lokacin da za a bi ta, su ƙirga mintuna, su rubuta kowace kasuwa, shataletale, gada, tudun rage gudu da shingen bincike, su ware hanya ta biyu da ta uku. Su ne ke zuwa asibiti su tabbatar akwai likitan tiyata a ranar, akwai jinin da ya dace da na mai gida, akwai wuta. Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, saboda haka dole tun kafin a tashi a yanke cewa idan abu ya faru kafin wuri kaza Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za a koma, idan an wuce nan kuwa Daura za a ƙarasa. Ba a yin wannan shawara da jini na zuba.

Ita wannan tawaga ba ta da wanda ya share mata fage. Ranar Talata 5 ga Yuli, 2022, ana saura 'yan kwanaki babbar Salla, 'yan bindiga suka yi wa ayarin share fagen Shugaba Buhari kwanton ɓauna kusa da Dutsinma a hanyarsu ta zuwa Daura. Fadar shugaban ƙasa ta ce mutum biyu sun ji rauni. Shugaban yana Abuja. A ranar ce kuma aka kashe kwamandan 'yan sanda na yankin Dutsinma, ACP Aminu Umar, a wani kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Safana, da daddare kuma aka fasa gidan yarin Kuje. Jaridu sun cika da "an kai wa ayarin Buhari hari", amma waɗanda suka kwanta a ƙasan mota suna jin harsashi na wucewa ma'aikatan fada ne, 'yan jarida da direbobi.

Daƙiƙa biyu

Idan aka fara harbi, mai tsaron jiki ba aikinsa ba ne ya rama. Aikinsa ya rufe mai gida da jikinsa, ya danne shi ƙasa, ya fitar da shi. Ramuwa aikin wata mota ce daban da ke biye. Lokacin da ake da shi kaɗan ne ƙwarai. Ranar 30 ga Maris, 1981, a Washington, an harba wa shugaban Amurka Ronald Reagan harsashi shida cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Jami'i ɗaya, Tim McCarthy, ya juyo ya buɗe ƙirji ya tare harsashi, wani kuma, Jerry Parr, ya cusa Reagan cikin mota. A hanya Parr ya ga jini mai kumfa na fita daga bakin shugaban, ya gane huhu ne, ya ce a juya asibiti maimakon fada. Wannan juyawar ce ta cece shi. A Nara ta Japan kuwa, ranar 8 ga Yuli, 2022, harbin farko bai sami tsohon firaministan ƙasar Shinzo Abe ba, aka yi kusan daƙiƙa uku kafin na biyu, babu wanda ya kai ga danne shi, bayansa kuma a buɗe yake. Ya mutu, shugaban 'yan sandan ƙasar ya yi murabus.

Wannan saurin ba daga jarunta yake zuwa ba, daga atisaye yake zuwa, a maimaita har jiki ya riƙa yi kafin tunani. A nan muke da babbar ɓaraka. Ɗan sandan da aka tura ya tsare ɗan siyasa, sau da yawa shi ke riƙe masa jaka, waya da laima, shi ke buɗe ƙofa, shi ke rabon kuɗi ga maroƙa. Hannun da ke riƙe da laima ba zai ture kowa ba, idon da ke kallon mai gida ba ya kallon hannuwan jama'a, alhali hannu ake kallo, ba fuska ba. Ga gajiya: mutum ɗaya ya kwana a ƙofa, ya bi kamfe ƙananan hukumomi uku da rana, ya sake kwana a ƙofa. Ga rigar sulken da ake ba shi, in ma an ba shi: mai laushin nan harsashin ƙaramar bindiga take tarewa, ba na AK-47 ba, sai an zura mata faranti gaba da baya, kowanne kilo biyu zuwa uku, abin da ke sa mutane cire su a zafin Afrilu. Zufa da rana suna cin zaren rigar, shi ya sa masu ƙera ta ba sa ba da tabbaci fiye da kimanin shekara biyar. Sannan idan babbar jijiya ta cinya ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Maɗaurin tsayar da jini bai kai kuɗin man da mota ɗaya ke sha a tafiya ɗaya ba, amma a leƙa motocin rakiya a ga nawa ke ɗauke da shi, nawa kuma suka iya ɗaurawa.

Motar sulke ma tana da iyakarta. Matakin da ake kira B6 yana tare harsashin AK-47 da makamantansa, gilashinsa ya kai kaurin santimita huɗu. Ba ya tare gurneti mai roka ko babban bam da aka binne. Sulken yana ƙara wa mota nauyin ɗaruruwan kilo, wani lokaci fiye da tan guda, don haka birki yana saurin ci, shokozoba na mutuwa, mota ba ta tsayawa inda direba ya saba, kuma a kwana tana iya kifewa. Rana irin ta Arewa tana raba yadudduka na gilashin, ya yi hazo-hazo a gefe. Da ka ga haka, ƙarfinsa ya ragu. Tayoyin da ke tafiya bayan an fasa su 'yan kilomita gommai kawai suke kai ka, a matsakaicin gudu. Kuma duk sulken banza ne idan aka buɗe. Tsohuwar firaministar Pakistan Benazir Bhutto ta miƙe ta rufin motarta mai sulke tana ɗaga wa jama'a hannu a Rawalpindi ranar 27 ga Disamba, 2007, ta mutu, waɗanda ke zaune a cikin motar suka tsira. Duk ɗan takarar da ke leƙowa ta saman jif a filin kamfe yana yin abin da ta yi.

Abu mafi ɗaci shi ne motar sulke ɗaya ce a ayari. Lokacin da aka tare ayarin Sanata Ifeanyi Ubah a Anambra a Satumbar 2022, shi ya fita lafiya, hadimansa da 'yan sandan rakiya suka mutu. A watan Satumbar 2020, harin da aka kai wa ayarin jami'an gwamnatin Borno a hanyar Baga ya ci 'yan sanda, sojoji da 'yan sa-kai. Mutum shida a bayan buɗaɗɗiyar Hilux ba su da mafaka ko ta kwano. Maganin da ayari ke nema wa kansa shi ne gudu, gudun kuma yana da nasa gawarwakin: motar ayarin gwamnan Kogi ce ta kashe Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, kusa da Lokoja a Nuwambar 2013.

Da ɗan gari akan ci gari

Labarin baka na Katsina ya ce Korau bai kayar da Sanau, sarkin da ya karɓe sarauta daga hannunsa, ba sai da aka fitar masa da asirin Sanau daga cikin gida. Ko ma yaya tarihin yake, darasin bai tsufa ba. Masu tsaronta biyu ne suka harbe firaministar Indiya Indira Gandhi a 1984. Mai tsaronsa ne ya harbe shugaban Kongo Laurent Kabila a 2001. Nan maƙwabta a Nijar, dakarun tsaron fadarsa ne suka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu, 1999, firaministansa ya kira abin mummunan haɗari, shugaban dakarun, Daouda Malam Wanke, ya hau mulki. A Yulin 2023 irin wannan runduna ce ta rufe Mohamed Bazoum a gidansa. Bola Ige kuwa, ministan shari'a na tarayya, an harbe shi a ɗakinsa a Ibadan ranar 23 ga Disamba, 2001, a lokacin da aka ruwaito masu tsaronsa sun fita cin abinci, kuma har yau ba a hukunta kowa ba.

Ba lallai sai an sayi mutum ba. Direban da ya faɗa wa abokinsa a tasha cewa gobe da asuba za a tafi Funtua, mai dafa abincin da ta ce mai gida shi kaɗai ne a gida, yaron da ya ɗora hoton ayari a Facebook tun ba a isa ba, duk sun ba da abin da mai hari ke nema. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a taƙaita masu sanin jadawali, a sanar da hanya bayan an shiga mota, a riƙa sake tantance na kusa lokaci-lokaci, kuma kada a bar masu gadi su tashi gaba ɗaya ko da na minti goma ne. Akwai kuma wanda ba shi da kowa kwata-kwata. Dokta Rabe Nasir, kwamishinan kimiyya da fasaha na jihar Katsina, a cikin gidansa da ke rukunin gidaje na Fatima Shema aka kashe shi a Disambar 2021. Hakimin 'Yantumaki, Alhaji Abubakar Atiku Maidabino, a gidansa aka harbe shi a 2020. Kansila, dagaci, mai unguwa, shugaban jam'iyya na mazaɓa a Batsari, Jibiya, Ɗanmusa ko Faskari, suna ɗauke da haɗarin shugabanci ba tare da ko ɗan sanda ɗaya ba, kuma su ne 'yan bindiga suka fi zargi da ba hukuma bayani.

Idan an gama jana'iza, sai batun abin da iyali za su samu. A takarda doka ta yi tanadi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsu na shekara ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Inda abin ke tsayawa sananne ne: gwamnati ba ta biya kuɗin inshorar wannan shekarar ba, don haka kamfani ya ƙi biya; sunan magajin da ke fayil na mahaifin da ya riga ya rasu ne, ba a sabunta shi bayan aure ba; babu takardar shaidar mutuwa domin an yi sutura a ranar kamar yadda addini ya tanada, ba wanda ya koma asibiti ya karɓa; ko kuma ana jiran takardar izinin rabon gado daga kotu. Matar marigayi za ta gama takaba, ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Katsina da Abuja.

Wannan ma ga wanda ke da lambar aiki ke nan. Dogarin fada, direban da ɗan majalisa ke biya daga aljihu, yaran da ke gudu gefen mota a kamfe, ɗan sa-kai na ƙauye, yawancinsu ba sa cikin kowane fayil. Masu gadi na kamfanoni masu zaman kansu doka ta hana su riƙe bindiga, amma su ake tarar wa a ƙofa. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500 ta shigar da wasu daga cikin irin waɗannan cikin tsarin albashi, kuma tuni wasunsu suka rasu a fagen fama. Sauran, abin da iyalinsu ke samu shi ne abin da mai gida ya ga dama ya miƙa ranar sadakar uku, da buhun shinkafa in azumi ya zo, muddin yana kan kujera.